Tambaya da Amsa: Yaya zan fitar da waƙa daga cikin aya?

Tambaya: Baba, salama a gare ku. Ina cikin ƙungiyar mawaƙan mata a wata majami'a a Garwa. Yawancin waƙoƙinmu na Fillanci ne da Faransanci, na Hausa kuwa mun maimaita su har sun gundure mu. Ina so in tsara sabuwa, amma wata uwa ta ce wannan neman suna ne, ba ibada ba. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, salama ta tabbata a gare ki. Maganar uwar nan tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai masu tsara waƙa don a tafa musu. Amma Zabura 33:3 ta ce a raira wa Ubangiji sabuwar waƙa, kuma dole wani ya zauna ya tsara ta kafin a raira. A Fitowa 31, Allah da kansa ya cika Bezalel da Ruhunsa, ya ba shi hikimar aikin zinariya da azurfa da sassaƙa.

Ki ɗauki aya ɗaya tak, kada ki kwaso sura guda. Gwada Zabura 121:6, inda aka ce rana ba za ta buge ki ba. Duk wanda ya taka daga kasuwa zuwa gadar Binuwai da tsakar rana a watan Afrilu ya san me ake nufi. Ki riƙa faɗin ayar da baki har kwana bakwai, kina wanki, kina tuƙa tuwo, ba tare da kin sa mata kari ba. A nan ne amfanin yake ga ruhu: wajen kwana na uku za ki fara tambayar kanki, to ni da rana take duka kullum, wace irin inuwa ake nufi? Kada ki tsallake wannan tambaya, ita za ta zama baitinki na farko.

Sai amshi. Kada ya wuce kalmomi shida zuwa takwas, yadda tsohuwa da yaro za su kama shi a ji biyu. Baiti uku sun isa, kowanne layi biyu zuwa huɗu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ɗora kalmomin Hausa a kan karin da aka aro daga waƙar Faransanci. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da dogon wasali da gajere. Wuya ta wahala tana farawa ƙasa ta hau, wuyan jiki yana farawa sama ya sauka. In kari ya juya miki su, kina nufin Yesu ya ɗauke mana wuya, jama'a su ji an sare kai, yara su ƙyalƙyale da dariya a bayan majami'a. Haka gari, in kika ja gaɓar farko ya koma garin tuwo. Maganinsa, ki faɗi layin kamar kina hira, ki maimaita kina ɗan ja, karin zai fito daga maganar da kansa. Ki ɗauka a waya nan take, domin karin da ya zo da asuba ba ya kai azahar. Tulu da caki su shigo daga ƙarshe, in aka fara da kiɗa sai ya danne kalmomi.

Kafin Lahadi, ki rera wa mutum biyu, ɗaya ya san Littafi sosai, ɗayar kuma ita uwar da ta yi ƙorafi. In sun ce layi kaza ya kauce wa ayar, ki cire shi ko da shi kika fi so.

Tambaya: Ni tela ne a Marwa, ba ni da muryar waƙa. Ina rabona a wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, karanta Ayyukan Manzanni 9:39, inda gwauraye suka nuna wa Bitrus rigunan da Dokas ta ɗinka. Ka ware buhu ɗaya na ƙyallayen da kake zubarwa, a ƙarshen wata ka haɗa su zanen goyo ko rigar yaro. Ka wanke su tukuna, domin sabon atamfa yana tsukewa in ya shiga ruwa, in ka haɗa shi da tsoho ɗinkin zai tattare. Tun kafin ka yanka, ka san wa za ka ba, kana taka keke kana ambaton sunansa a addu'a.