Amsa: Ma'anar "De gustibus non est disputandum"

Wa'alaikumus salam Malam. Ka tambayi ma'anar wannan magana ta Latin da kuma inda ake kawo ta. Abin da take nufi shi ne ba a gardama a kan ɗanɗano. Wani lokaci za ka ji an ƙara "et coloribus", wato har da launi, kuma Faransawa suna da irinta a harshensu. Mu ma muna cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ana kawo ta ne don a kashe musun da ba shi da alƙali. Wani ya fi son tuwon shinkafa da miyar taushe, wani kuwa sai na dawa da miyar kuka ta sha man shanu. Ko kun kwana kuna ja-in-ja babu hujjar da za ta sauya harshen ɗayanku.

Abin da ke damuna shi ne masu fakewa da ita idan hujja ta ƙare musu. Ko magani yana aiki, ko gini zai tsaya, wannan ba zancen ɗanɗano ba ne, akwai gwaji.

A shekarar 1977 masana tattalin arziki biyu na Amurka, George Stigler da Gary Becker, sun sa ta a matsayin taken wata maƙala, amma suka juya ta. A ganinsu abin da mutane ke so kusan ɗaya ne kuma bai cika sauyawa ba, farashi da kuɗin shiga ne ke bambanta zaɓinsu. Idan a darasin tattalin arziki ka ci karo da ita, to wannan maƙalar ake nufi.