Zaren ɓawon kwakwa da laka mai kumbura: amsoshi ga manoma

Tambaya: Hanyar shiga gonata baƙar laka ce. Da damina sai ta kumbura ta zama taɓo, da rani kuma ta dare har hannu na shiga. Zaren ɓawon kwakwa zai yi mata magani?

Amsa: Zai taimaka, amma ka san iyakarsa. Irin wannan laka tana shan ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke, kuma zaren ba ya sauya mata wannan hali. Aikinsa ɗinke ƙasar, ta yadda tsaga ba za ta buɗe baki ta yi zurfi ba. Ya fi zaren rama daɗewa a ƙasa, domin kusan kashi 40 cikin 100 na jikinsa lignin ne, sinadarin da ke sa itace tauri.

Ka yanka shi santimita 2 zuwa 3, ka kaɗe garin ɓawon da ke maƙale da shi, domin garin yana riƙe ruwa, abin da kake gudu ke nan. Awo shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a kowane kilo 100 na busasshiyar laka. A wuri mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, kaurin santimita 15, laka ta kai kimanin kilo 240, wato zare kilo 1.2 zuwa 2.4.

Farfasa lakar tun tana bushe, ka barbaɗa zaren kaɗan-kaɗan kana juyawa, sannan ka yayyafa ruwa. A nan aka fi yin kuskure: in ruwa ya riga zaren shiga, sai ya dunƙule wuri guda. Danshin da ake so shi ne ka dunƙula ƙasar a hannu ta riƙe, ba ta manne a tafi ba. Sai daɓe, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kada kowace ta wuce santimita 15. Ka ɗaga tsakiyar hanyar, ka haƙa lambatu a gefe. In ruwa na kwanciya, duk aikin ya tashi a banza.

Tambaya: In na ƙara zaren, ba zai fi ƙarfi ba?

Amsa: A'a. Da ya yi yawa sai ƙasar ta ƙi daɓuwa, ta bar ramukan da ruwa zai bi.

Tambaya: To me ke rage kumburin kansa?

Amsa: Farar ƙasa da aka ƙona aka jiƙa, kilo 3 zuwa 5 a kilo 100 na laka. Gauraya ta da lakar da zaren tun a bushe, ka yayyafa ruwa, ka bar ta kwana ɗaya lakar ta yi laushi, sannan ka daɓe. Ka riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. Sa safar hannu da tabarau, tana ƙona fata da ido. Wannan awo na hanya ne da daɓen rumbu kawai. In ya shiga inda kake shuka, zai lalata ƙasar noman.