Game da Gyaran Fitilar Kakanka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko ya dace a taɓa tsohuwar fitilar ƙwai da kakanka ya bari, ko kuwa girmama kayan gado yana nufin a ajiye ta yadda aka same ta. A ganina babu laifi a gyara ta har ta kama, muddin sauran magada sun amince, domin lagwani da ƙwai kayan canji ne tun asali, kuma marigayin da kansa ya sha canza su. Abin da ba a taɓawa shi ne jikinta da tambarin masu ƙira da ke kan tankin, saboda haka kada ka yarda a kankare ta ko a shafe ta da sabon fenti.

Ka fara da tankin. Kananzir da ya daɗe yakan zama danƙo a gindi, sai ka zuba sabo kaɗan, ka girgiza, ka zubar, ka maimaita har ya fito fes. Daga nan ka zuba masa rabi, ka ɗora a kan takarda ya kwana. Idan ka ga tabon mai da safe, tsatsa ta huda gindin ke nan, sai a kai wa mai liƙi da dalma, shi ma kada ya kusantar da wuta sai an wanke tankin, ya bushe ƙarau, warin mai ya gushe.

Bututun nan biyu na gefe, waɗanda mutane da yawa ke zaton ginshiƙai ne kawai, su ne ke kai iska ga harshen wuta, tsarin da aka fito da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1860. Zanzaro da gizo-gizo suna son gina gida a cikinsu, kuma da zarar sun toshe, fitila ba ta rabuwa da hayaƙi komai kyawun lagwaninta, don haka ka zura siririyar waya ka yashe su sarai.

Lagwanin ya zama na auduga, daidai faɗin bakinsa. Ka yanke kansa a miƙe, ka bar shi ya sha mai na kimanin minti 15 kafin ka kunna. Ka fara da ƙaramar wuta har ƙwan ya ɗumama, don kada ya fashe. Fetur kuwa, ko ɗigo ɗaya kada ya shiga cikinta, kuma duk ɗakin da za ka kunna ta ka bar taga a buɗe.