Tambaya da Amsa: Wace ciyawa zan shuka a tsakar gida wadda ba sai na tare a kanta ba?

TAMBAYA: Salam Malam, na tare a sabon gida a Kano, akwai fili gaba da baya da ban yi wa intalok ba, in iska ta taso ƙura har ɗaki, in damina ce kuma caɓi. Na ga wata ciyawa a intanet wai Carex, ance ba a yanka ta ba a wahalar ban ruwa. Zata yi a nan? Kuma nawa ne tazarar shuka?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri a gidan. Gaskiya Carex ɗin nan ka bar wa mutanen Ingila da Amurka kayansu, yawancin irinta na ƙasar sanyi ne masu son inuwa da laima, in ta haɗu da ranar Afrilu ta Kano da zafi ke haura 40 ai ko sati biyu ba lallai ta kai ba.

Amma ka san danginta muna da su a nan, aya da kajiji da ayaaya duk gida ɗaya ne da ita. Ka murza karan ayaaya tsakanin yatsunka zaka ji kusurwa uku, shi ne alamar yawancin 'yan gidan. Kajiji yana da kyau kuma uwargida zata samu na turaren wuta, sai dai ɗan fadama ne, in zaka sa shi ka sa shi cikin rabin duro ko wajen da ruwan alwala ke kwarara. Ayaaya kuwa don Allah kar ka bari ta shigo maka gida. Na taɓa sayen ciyawa da ƙasarta wajen masu fulawa na bakin titi, ashe ƙwayoyinta na ciki, da na tona sai ga su baƙaƙe a jere kamar carbi, wani siririn zare na haɗa su, ka cire ɗaya ka bar biyar, damina uku ina fama. Don haka duk abin da zaka saya ka karkaɗe saiwar ka duba tukuna.

Inda za a taka, yara suyi wasa, kirikiri nake ba ka shawara. Tana son rana, tana jure fari, da rani tayi ja kamar ta mutu amma ruwan farko na sauka zata farfaɗo. Ka yanka jijiyarta guntu guntu mai gaɓa biyu ko uku ka binne, tazarar santimita 15 zuwa 30, wato kamar taƙi ɗaya. Nan ne mutane ke cutar kansu, a ce za a yi tsimi sai a buɗa tazara, toh duk ƙasar da ka bari tsirara ciyawar banza ce zata riga taka kamawa, kuɗin da ka rage na iri ka biya shi wajen mai cira. Lissafin ma ba wuya, a tazarar 30 murabba'in mita ɗaya na cin guntaye kusan 11, a 15 kuwa kusan 44, kaga ninki huɗu kenan, amma wurin zai rufe da wuri sosai. Aibin kirikiri biyu: bata yi a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro inda inuwa tayi kauri, sannan tana rarrafe ta shiga cikin fulawa, sai ka jera bulo ka yi mata iyaka.

Jikin katanga da inda ruwan indararo ke zaizaye ƙasa kuma ciyawar jema ce maganinsa. Saiwarta ƙasa take nutsawa har mita 2 zuwa 3, bata bazuwa gefe. Ka tsaga gindin, kowane kashi da kara biyu ko uku, ka datse ganyen ya rage kamar santimita 20, ka jera su layi ɗaya tazarar 10 zuwa 15, in suka haɗe sai su zama shinge mai tace ƙasa. Ciyawar shayi, lemun giras ɗin nan, ita gindi take yi babba, ka bata tazarar santimita 60 zuwa 90. Gamba tana da kyau in ta fitar da kai amma tana wuce tsayin mutum, ni dai bana sa ta a gidan da akwai ƙananan yara saboda maciji da gobarar hunturu.

Lokacin shuka ka jira damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ka kafce ƙasar ka zuba takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai (ɗanyen kashin shanu cike yake da irin ciyawa, kuma gara na binsa). In ruwa ya ɗauke a makonnin farko ka riƙa ba su da yamma har su kama, ka yi cira sau biyu ko uku a daminar farko, wannan kam babu makawa. Daga shekara ta biyu aikin ya koma aski jefi jefi ga kirikiri, jema da lemun giras kuma ka sassabe su sau ɗaya kafin hunturu ya busar da su.