Fizik da bakin Hausa: nauyi, ƙarfi, da batun "komai nisan jifa"

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga 'yan jami'a suka fito, kuma masu karatun fizik, to bari na haɗa su wuri guda na amsa.

Ta farko daga wani ɗan Garwa ce da ke shekarar farko ta lisans a Jami'ar Ngaundere, can Dang. Ya ce: "Malam, na zo hutu kakana ya tambaye ni me nake karantawa, na ce masa fizik, ya ce shi wannan ba amsa ba ce. Wai me Hausa ke kiran fannin nan?"

To ɗana, kakanka ya yi gaskiya. A rediyo da jaridu za ka ji ana cewa kimiyyar lissafi, wasu kuma su bar shi yadda ya zo musu, mu nan Kamaru muna cewa fizik saboda ta Faransanci ya shigo mana, 'yan'uwanmu na Injamena da suka yi karatu da Larabci su ce fiziya. Ni kimiyyar lissafin nan ba ta kwanta min ba, don lissafi kayan aiki ne kawai a fannin, ba shi ake nazari ba, kuma in ka faɗa wa tsoho haka zai ɗauka akawu za ka zama. Ita kanta kalmar kimiyya aro ce daga Larabci, kuma a can ma'anarta ilimin haɗa sinadarai, Hausa ce ta buɗa ta har ta rufe dukkan ilimin gwaji da bincike. Lissafi ma daga alhisabi ya fito. Asalin kalmar fizik kuwa daga Girkanci ne, tana nufin halitta yadda take, shi ya sa malaman Larabawa na da suke ce masa ilimin ɗabi'a. Amma kar ka kuskura ka kai wannan gida, a Hausa ɗabi'a ta koma hali da tarbiyya, kakanka zai ce ashe ladabi aka tura ka koyo har Ngaundere. Ka ce masa fizik ɗin, sai ka bi shi da bayani: ilimin yadda abubuwa ke motsi da faɗuwa, da haske, da zafi, da amo, da wutar lantarki, da mayen ƙarfe wato maganaɗisu. Zai gane tsaf.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi cin raina, daga wata ɗaliba a Jami'ar Marwa. Ta ce a aji an raba musu kalmomin Faransanci biyu, masse da poids, amma duk lokacin da take bita a zuciyarta da Hausa sai duka biyun su dawo mata nauyi, har ta rasa maki a jarrabawa saboda haka.

'Yata, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba laifin Hausa ba ne, Bafaranshen kan titi ma in ya hau sikeli poids yake cewa alhali kilo yake karantawa. Harshen yau da kullum ko na waye bai damu da wannan bambancin ba, ajin fizik ne ya tilasta shi. Nauyi a Hausa kalma ce mai faɗi sosai, akwai nauyin kaya, akwai jin nauyin mutum wato kunya da girmamawa, akwai ɗaukar nauyin iyali, akwai nauyin baki da nauyin jiki da nauyin barci, duk abin da ke danne mutum ko ya hana shi zafin nama. Ki lura da wannan dannewar, don ita ce mabuɗin. Abin da ke danna kafaɗar ɗan dako ƙasa in ya ɗauki buhun masara mai kilo 100 a kasuwar Marwa shi ne nauyi na gaskiya, jan da ƙasa ke yi wa buhun, kuma da niyuton ake auna shi, kilo 100 sau 9.8, kimanin niyuton 980 kenan. Ki kai buhun nan duniyar wata, ko ƙwayar masara ɗaya ba ta zube ba, kilo 100 ɗinsa na nan, amma jan da ake masa ya koma wajen kashi ɗaya cikin shida, niyuton 160 da 'yan kai. Abin da bai canja ba, yawan abin da ke cikin buhun, shi ne mas. Shawarata ki bar wa poids kalmar nauyi, ɗayan kuma ki ce mas kawai, aro ba abin kunya ba ne, lantarki ma ai aro ne daga Ingilishi kuma yau ba wanda ke masa kallon baƙo.

In kina son ki gani da ido, ki tsaya wajen mai nama ko mai kanti da ke da sikeli mai faranti biyu, ya ɗora kaya a ɗaya ya ɗora dutsen ƙarfe na kilo a ɗayan har su daidaita. Wannan sikelin ko a wata aka kai shi amsa ɗaya zai bayar, don jan ya ragu a ɓangarorin biyu daidai wa daida, mas yake gwadawa. Amma mai ƙugiya ɗin nan da ake rataya kaya a jikinsa ƙarfen ciki ya miƙe, shi ja yake ji, a wata zai yi miki ƙarya ƙiri-ƙiri. Mudu kuwa ba ruwansa da su duka biyun, shi cika yake aunawa.

Tun da an zo nan bari na ƙara da ƙarfi, don nan ma tarkon yake. Muna cewa ya ture shi da ƙarfi, ba ni da ƙarfi yau, injin nan yana da ƙarfi, kalma ɗaya, alhali a fizik abu uku ne daban, turi ko ja da ake aunawa da niyuton, da kuzarin da ke iya yin aiki wanda ake aunawa da jul, da kuma saurin kashe wannan kuzarin wanda ake aunawa da wat. Na tsakiyan shi 'yan jarida suka raɗa wa makamashi. Asalin makamashi abin da wuta ke kamawa ne, kara da itace da kirare, kuma ni ina ganin raɗin ya yi kyau ƙwarai duk da ba kowane makamashi ake ƙonawa ba. Ruwan da ke tare a madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda aka gama a 1982, ba ya cin wuta, amma tsayin da yake a kai makamashi ne ajiyayye, in ya gangaro ya juya injuna sai ya zama lantarkin da ke zuwa Garwa da Marwa. Megawat 72 (megawat ɗaya wat miliyan ne) da aka gina tashar lantarkin a kai kuma shi ne na ukun, wato yawan abin da za ta iya bayarwa a kowane sakan.

Sai wani mai son gardama daga Injamena, ya ce malaminsu ya nuna musu a allo cewa abin da ya bar doron ƙasa da gudun kilomita 11.2 a sakan ba zai dawo ba, don haka wai karin maganar nan ta "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo" ta faɗi jarrabawa, a cire ta.

Kai yaro, sannu da ƙoƙari. Lissafin malaminku daidai ne, kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau tafiya yake ba zai juyo ba. Amma ka duba kalmar da Bahaushe ya zaɓa, jifa ya ce, kuma jifa aikin hannu ne, dutse ko hoge ko sanda, wanda duk ƙarfin damtsen mutum da ƙyar ya kai mita 50 a sakan. Kumbo ba jifansa ake ba, harba shi ake. Sannan ita karin magana ba dutsen take nufi ba tun farko, ana faɗinta ne ga abin da ya yi tsawo har aka ɗauka ba shi da ƙarshe, mulkin zalunci, ko ƙaryar da aka daɗe ana ɓoyewa, ko ɗan da ya bar gida yana ganin ya fi ƙarfin komawa. Gininta ɗaya da "komai nisan dare gari zai waye" da "komai tsawon wuya kai ne bisa", a fara da komai a ba abu iyakar girmansa sannan a nuna masa iyakarsa. Kuma in gardamar kake so, tauraron ɗan adam da ke zagaya duniya ma faɗuwa yake yi ba dare ba rana, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana wajen kilomita 400 a sama tana gudun kusan kilomita 8 a sakan, tana faɗowa ƙasar kuma tana lanƙwashewa a ƙarƙashinta, shi ya sa ba ta iso ba, kuma lokaci-lokaci sai an ɗan tura ta sama don siririyar iskar da ke can tana rage mata gudu. Ka kai wa malaminku wannan ka ji me zai ce.

Ta ƙarshe gajera ce, wata ta tambayi sunan ruwan ƙaryar nan da ake hangowa a kan kwalta da tsakar rana a hanyar Marwa zuwa Kusiri lokacin bazara. Kawalwalniya sunansa, kuma ana aron kalmar ga duk alkawari ko buri da ake bi ba a cimma. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi kuma ba ta kai ta kauri ba, sai hasken da ya taho daga sama ya lanƙwasa ya nufo ido ta ƙasa, abin da kike gani kamar tafki hoton sararin sama ne. Za ki haɗu da lissafinsa a darasin haske, wajen dokar karyewar haske da Faransawa ke jingina wa masana biyu, Snell da Descartes.