Wa ke riƙe da ƙungiyar sulhu ta Turai, kuma me kwamitin ƙauye zai ɗauka daga tsarinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin sulhu na garinmu, a ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa. Muna zama a zauren mai unguwa kan rikicin iyakar gona, ɓarnar shanu, bashi da faɗan samari. Ƙanena da ke karatun lauya ya ce akwai wata ƙungiya a Turai ta masu irin aikinmu, har daga wasu ƙasashe ana shiga. Wa ke shugabancinta? Ita ke yanke hukunci? In mun shiga, za ta ba mu takardar da 'yan sanda za su girmama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri kan wannan hidima.

Wadda ƙanenka yake nufi, ga dukkan alamu, ita ce European Forum for Restorative Justice, ana taƙaita ta EFRJ. An kafa ta a shekarar 2000, ofishinta yana birnin Luben na ƙasar Beljiyam, a jikin sashen nazarin laifuffuka na jami'ar garin. Abin da ta sa a gaba shi ne adalcin gyaran ɓarna: a haɗa wanda aka cuta da wanda ya yi cutar, da yardarsu duka, a gaban mai shiga tsakani, a faɗi abin da ya faru, a daidaita kan yadda za a gyara. Kai ma ka san wannan, tunda shi kuke yi duk bayan kaka.

Bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ta fi sauƙi. Ba ta yanke hukunci, ba ta ma zaman sulhu da kanta. Kamar yuniyan ɗin direbobi ce: ba ita ke ɗaukar fasinja ba, 'ya'yanta ke ɗauka. Nata shi ne horarwa, bincike, rubuta ƙa'idojin aiki, da matsa wa gwamnatoci lamba su shigar da sulhu cikin dokokinsu. Saboda haka takardar zama mamba ba lasisi ba ce, kuma DPO na yankinku ba zai sake wanda ya tsare ba don ya gan ta.

Yanzu batun shugabanci. An yi mata rajista ne a ƙarƙashin dokar Beljiyam a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, kuma iko a cikinta hawa uku ne.

Na sama shi ne babban taron mambobi, wanda ke zama duk shekara. Mambobin iri biyu ne: ɗaiɗaikun mutane, kamar malaman jami'a, alƙalai, lauyoyi da masu shiga tsakani, sai kuma ƙungiyoyi da hukumomi. A wannan taro ake karanta rahoton shekara, a baje lissafin kuɗi, a amince ko a ƙi, a kuma zaɓi 'yan majalisar gudanarwa. Gyaran kundin tsarin ƙungiyar ma sai ya bi ta nan.

Hawa na biyu ita ce majalisar gudanarwar. 'Yan ƙasashe daban-daban ne, aikin sa kai suke yi, kuma kowa da wa'adinsa. A cikinsu ake samun shugaba, mataimaki, sakatare da ma'aji. Su ke tsara inda za a dosa, su kuma sa ido kan ofis. Shugaban ba sarki ba ne, Malam. Ranar da wa'adinsa ya cika sai ya koma kujerar mamba kamar kowa.

Na uku shi ne ofishin da ke Luben, inda 'yan ma'aikata kaɗan masu albashi ke aikin yau da gobe ƙarƙashin darakta: amsa wasiƙu, neman tallafi, shirya taro, fitar da mujalla. Daraktan yana ba majalisa bahasi, majalisa kuma tana ba mambobi.

A gefe akwai kwamitoci da rukunonin aiki na mambobi, wasu kan horarwa, wasu kan bincike, wasu kan ƙa'idoji, wasu kan makarantu, muhalli ko tsattsauran ra'ayi. A ganina nan ne ran ƙungiyar yake, domin a nan mai aikin fili da malamin jami'a ke zama tebur ɗaya su yi musu. Kusan duk shekara biyu kuma akan yi babban taron duniya a wani gari: Tirana a 2018, Sasari ta Italiya a 2022, Talin a 2024.

Kuɗinta yana zuwa daga kuɗin mamba, kuɗin halartar taro da horo, da tallafin Hukumar Tarayyar Turai. Wannan na ƙarshe shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta. Duk ƙungiyar da ta jingina da aljihu ɗaya, dole ta riƙa kallon fuskar mai aljihun. Shi ya sa yawancin maganarta ke karkata ga dokokin Turai, irin dokar kare waɗanda aka zalunta ta 2012 da shawarar Majalisar Ƙasashen Turai (Council of Europe) ta 2018 kan sulhu. Rikicin manomi da makiyayi a fadamar Haɗeja ba ya cikin abin da ke hana su barci.

To me zai amfane ku? Ba yawan kwamitoci ba. Ku da ba ku fi cika tabarma biyu ba, kada ku ɗora wa kanku kaya. Abin ɗauka shi ne rabon hannun nan: masu ƙungiya daban, masu jan ragama daban, mai riƙe kuɗi daban. Ka duba yadda abin kan kasance a garuruwanmu. Shanu sun shiga gonar dawa da dare. An je an ga ɓarna, an ƙiyasta dami nawa ne, makiyayi ya yarda zai biya. Ya kawo kuɗin ya damƙa wa shugaban kwamiti, wanda shi ne ya yi ƙiyasin, shi ya jagoranci zaman, kuma surukin mai gonar ne. Ko da mutumin nan waliyyi ne, makiyayin zai koma ruga yana cewa an haɗa masa kai, kuma baɗi ba zai zo zaurenku ba. Da a ce akwai rubutacciyar ƙa'ida cewa mai dangantaka da ɗaya ɓangaren ya tashi daga zaman, cewa Arɗo ko wakilinsa na cikin masu ƙiyasi, cewa diyya ta wuce daga hannu zuwa hannu a gaban shaidu kai kuma ka rubuta a littafi, da zancen bai taso ba.

Haka batun wa'adi. Na san da nauyi a ce wa dattijo lokacinsa ya cika. Dabarar ita ce a rubuta wa'adin tun ana zaman lafiya, kafin a san wa zai fara shafa. Mai unguwa ko dagaci kuma ya fi kyau ya zama uban ƙungiya, wanda ake kai wa ƙara in kwamiti ya kauce, maimakon ya zama shi ne kwamitin. Ku kuma sa rana ɗaya a shekara, bayan an gama girbi, ku tara gari ku faɗi rigima nawa kuka sasanta, nawa suka gagara, nawa aka tara aka kashe, ba tare da kiran sunan kowa ba. Ku nemi dattijuwa ko biyu a cikinku, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa a zaure cike da maza ba.

Ƙa'ida ɗaya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta tun 2002 ta cancanci shiga kundinku kai tsaye: ba a tilasta wa kowa sulhu, kuma kowane ɓangare na iya janyewa. Wannan ta fi muhimmanci inda ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Fyaɗe da kisan kai kuwa ba na zaure ba ne, ku miƙa su ga hukuma.

Takardar da za ta yi muku aiki a gida take. Ku yi rajista da ƙaramar hukuma, in kun yi ƙarfi ku je hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ku yi rajistar ƙungiya mai amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za su nemi kundin tsarinku da sunayen amintattun, a kuma buga sanarwa a jarida. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ambaci sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta cikin matakan da ba na ɗauri ba, don haka kuna da madogara in kun je gabatar da kanku ga alƙali da DPO. Shiga EFRJ kuma ba laifi, amma kuɗin mamba da yuro ake biya kuma harkarta da Turanci ake yi. Ka sa ƙanen naka ya karanta kundinta tukuna, ya duba matsayin ƙuri'ar mamban da ke wajen Turai. Da yawa daga takardunta na koyarwa kyauta suke a shafinta na intanet, yana iya sauke muku su ya fassara ko ba ku biya ko sisi ba.