Alhaji, ka san abin da ke cikin tulin sanholonka kuwa?

Wani ɗan kasuwa daga Katako a nan Yamai ya aiko da wannan: "Malam, shekara 11 ke nan ina sayen tsohon sanholo ina sayar wa maƙeran tukwane da masu loda zuwa waje. A wata nakan sayi kamar tan 2, kilo sefa 500, kowane iri aka kawo. Ɗan ƙanwata ne ke kan sikeli. Yanzu ya nuna mini a waya yadda Turawa ke ƙera kayan motar tsere da alminiyom, yana son in fito da miliyan 3 da na tara mu sayi injin walda, mu riƙa zuba rim da sauran kaya muna sayar wa samari masu wasa da mota. Ga shi kasuwar tawa ba na ganin riba kamar da. Me ka gani?"

Alhaji, kalmomi huɗu ne suka tsaya mini a wasiƙarka: kowane iri aka kawo. Nan kuɗinka suke zurarewa, kuma nan ne mafarkin ɗan naka zai karye. Shekara 11 kana cinikin biri a sama. Gwangwanin lemo, kan inji, firam ɗin taga, lagireto, wayar lantarki, duk kilo 500, duk tuli guda, babu kuma takardar da ta ce wane iri ya shigo, kilo nawa, daga hannun wa.

Bari mu fara da motar tseren, tunda ita ta ɗauke muku hankali. Gaskiya ne ana son alminiyom, wato sanholo, a can, don nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Tun 1962 Colin Chapman, wani maƙerin motocin tsere ɗan Ingila, ya gina gangar motarsa Lotus 25 da fallayen alminiyom, aka bi shi a haka har kamfanin motocin tsere na McLaren ya kawo zaren kabon a 1981. Amma wanda ke wannan aiki ba ya cewa a ba shi sanholo. Lamba yake kira. 6061, mai gamin magneziyom da silikon, shi ake yankawa a yi maƙalai da ƙananan sassa, yana kuma karɓar walda. 7075 mai gamin tutiya ya kusan ninka shi ƙarfi, asalinsa ma na jiragen yaƙi ne, sai dai ka sa masa wutar walda ya tsage. 5052 na tankin mai ne, 2618 na fistin, A356 mai silikon kamar kashi 7 cikin 100 shi ake zuba rim da shi. Bayan zubin ma ba a gama ba. Sai an gasa shi a wuta fiye da digiri 500, a tsoma shi a ruwa nan take, a sake gasa shi awanni a zafin da bai kai digiri 200 ba, sannan ya sami ƙarfin da suke kira T6. Wa zai auna muku wannan a bakin murhun gawayi da fanka?

Ka ga ko injin waldar da zai ci maka miliyan bai taɓa matsalar ba. 6061 ɗin da ke karɓar walda, wurin da wuta ta taɓa yakan rasa fiye da sulusin ƙarfinsa. Shi ya sa kejin da ke kare direba a motar tsere da bututun baƙin ƙarfe ake yin sa.

Kuma su waye masu sayen? Mu da muka ga motocin tseren Faris zuwa Dakar suna ratsa Agadas da Tawa mun san wannan kasuwa ta wuce da ƙurarta. A 2000 daga nan Yamai aka kwashe su a jirgin sama zuwa Libiya, a 2009 tseren ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 yana Saudiyya. Ko a lokacin da kayansu suke zuwa. Samarin da ke juya mota a wajen biki kuwa, rim ɗan gwanjo daga Kwatano ko Lome ya ishe su.

Na san wani maƙeri, hannunsa na da kyau ƙwarai, da ya bar tukwane ya koma zuba hannun birkin babur da tarkacen da ya samu. Kaya suka fito fes, suna ƙyalli, ga araha. Wata uku ya yi yana dariya. Ran nan hannun birki ya ɓalle wa wani ɗan kabu-kabu yana ɗauke da mace mai goyo. Allah ya taƙaita, karaya ce. Da aka duba inda ya karye, cikin kamar burodi, duk ramuka. Abin da ya tara ya tafi a asibiti da sasantawa, masu shaguna suka dawo masa da sauran. Tukunya in ta tsage miya ce ta zube. Rim yana ɗauke da mutum biyar a kan hanyar Dosso.

To mu dawo tulinka. Ba zan ce ɗan ƙanwarka na cutarka ba, ban san shi ba. Abin da na sani, ko waliyyi ka ɗora kan sikeli babu rubutu, ba za ka gane inda ake asara ba. Yi lissafi da kanka. Tan 2 a 500, miliyan guda kake fitarwa duk wata. A ce kashi 10 cikin 100 na abin da ake aunawa kusoshi ne da baƙin mai da ƙasa da roba, ni kuwa in kan inji da lagireto suna ciki ina jin ya fi haka. Kilo 200 ke nan, jika 100 a wata, miliyan 1 da jika 200 a shekara. Datti kake saye da kuɗin nan, sannan ka ce kasuwa ta lalace.

Ta ɗaya ɓangaren ma ana cinka. Mai loda ya san firam ɗin taga mai tsabta da waya sun fi gwangwani daraja, don gwangwani siriri ne, ga fenti, da yawansa kashin maƙera yake zama a wuta. In ka kai masa a gauraye, farashin mafi muni zai ba ka, ya je gida ya ware ya ci ribar da ta kamata ta zama taka. Wayar lantarki kam ka tambayi inda ta fito kafin ka karɓa, ko ka kwana a hannun ƴan sanda saboda jika 5.

Abin da zan sa ka yi bai kai jika 50 ba. Sayi maganaɗisu babba, duk abin da ya kama a cire kafin a auna. Kwalbar binegar: ɗiga kan ƙarfen da ka kankare, in ya yi kumfa magneziyom ne, kada ya kusanci murhun kowa, kama wuta yake, ruwa kuma ƙara masa yake. Wanda ya yi nauyi fiye da girmansa, irin na kafireto da hannun ƙofa, tutiya ce. Raba filinka gida huɗu, na zubi, na taga, fallaye da gwangwani, sai waya, kowanne da farashinsa na saye da na sayarwa. Tarkacen inji da lagireto kada ka sayar wa masu tukwane, akan sami dalma a ciki, mutane kuma a ciki za su dafa abinci.

Sai kaye irin na ƴan lakkol: rana, mai kawowa, iri, kilo, kuɗi. Duk Alhamis da yamma ka auna abin da ke ƙasa ka gwada da abin da ke rubuce, kai da kanka, ba aike ba.

Yaron kuma kada ka kashe masa zuciya. In da gaske yana son aikin, biya masa koyon waldar alminiyom da gas ɗin argon wajen mai sana'ar, shekara guda. Lagireto mai yoyo da akwatin giya da ya tsage sun cika garejin Yamai, masu gyara su da kyau kaɗan ne. Miliyan 3 ɗin su zauna inda suke. Bayan wata uku ka ɗauki hoton kayen ka turo mini, mu ga kilo nawa suka ɓata tsakanin sikeli da mai loda.